Mai Wankin Ƙoda Ya Kwana Lafiya Kuwa?

A birnin Zazzau, in ka leƙa ɗakin mara lafiya da safe ka ce, "Baba, an tashi lafiya?" amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ko da kuwa a zaune ya kwana, jingine da bango, har ladan ya kira assalatu. Masu wankin ƙoda sun san irin wannan dare.

A ƙa'ida, wanki sau 3 ne a mako, kowane zama kimanin awa 4. Amma mutumin Kwarbai ko Limancin Kona da zai fita ta Ƙofar Doka, ya wuce Samaru, ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sau da yawa aljihunsa ne ke yanke masa ranar komawa. Kafin ranar ta zo, ruwa da dattin jini sun taru. In ruwan ya kai huhu, kwanciya a miƙe ta gagara, numfashi ya riƙa sarƙewa. Shi ya sa za ka ga matashin kai har uku a bayansa. Ga ƙaiƙayi da ke tsananta da dare, a yi ta susa har fata ta yi fari. Ga ƙafafu da ke yi kamar kiyashi na yawo a cikinsu, ba sa lafawa sai an tashi an taka, ƙarancin jini kuma yana ƙara abin. Gyangyaɗin da ake yi a kan na'ura da rana ma yana cin barcin dare.

Rashin barci da ciwon damuwa kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kowanne na rura ɗan'uwansa. Magidancin da ya saba ciyar da gida, yau ana haɗa masa kuɗin wanki, cikin dare yana lissafin gonar da aka sayar dominsa. Sai ya daina fita zaure, ya ture tuwo, ya fara cewa, "Ku bar wahalar da kanku." Mu kuma mu ce masa ya yi tawakkali, mu wuce. A ganina nan muke kuskure. Damuwa ciwo ce mai magani, ba raunin imani ba, kuma ita ce ke sa wasu su ƙi shan magani ko su tsallake ranar wanki, abin da kan kai ga rasa rai.

Kada a sayo masa ƙwayar barci a kemis, ko a ba shi jiƙe-jiƙe, domin ƙodar da za ta fitar da su ta gaza. A rage goro da shayi daga la'asar. Ran zuwa Shika kuma, ɗan rakiya ya gaya wa likita yadda dare ke wucewa, tun da akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin.

Gobe in Baba ya ce lafiya lau, zauna kusa da shi ka tambaye shi ƙarfe nawa barci ya ɗauke shi.