Buguwar Kai Ba Ta Ƙarewa Ranar Faɗuwa

Manomi ya kawo kaya Kasuwar Kurmi, ya faɗi daga babur, kansa ya bugu. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce lafiya lau. Amma cikin kai aiki bai ƙare ba. Ƙwaƙwalwa tana da ƙananan ƙwayoyi masu gadi, su ne ke share wurin rauni. Wani lokaci ba sa dainawa, sai kumburi ya zarce watanni, har shekaru, yana lalata lafiyayyun jijiyoyi. Daga nan sai mantuwa, saurin fushi, ko farfaɗiya. Kada mu ce iskoki ne.

'Yan'uwa, in ɗan ƙungiya ya bugu, yana amai ko barci mai nauyi, ku kai shi Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata. Mai hawan babur kuwa, ya sa hular kwano.