Naka ko na Aro? Yadda Manhajoji ke Ɗibar Umarni

Idan mai POS a kasuwar Yelwa Yauri ya danna lambobi, kuɗin kifi suka shiga asusun masunci, manhajar banki ta yi lissafi ke nan, ta kulle bayanan kati da mabuɗin sirri, sannan ta aika. Masu rubuta manhaja ba sa ƙirƙiro waɗannan ayyuka daga tushe kullum. Akwai rumbunan umarni da wasu suka riga suka rubuta, kowa na ɗiba. To, ta yaya ake haɗa manhaja da rumbu? Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce haɗin dindindin. Ana kwafo umarnin a ɗinke shi cikin manhajar tun ana gina ta. Kamar mai shago ne a Ngaski da ya sa sola a rufinsa: ba ya jiran kowa. Sai dai manhajar takan yi nauyi, kuma idan manhajoji 10 ne, kwafi 10 ke nan.

Ta biyu ita ce haɗin aro. Umarnin yana zaune a fayil ɗaya, manhajoji suna kiransa idan sun tashi aiki. A Windows sunan irin wannan fayil yana ƙarewa da .dll, a Linux kuwa .so. Wannan ya yi kama da wutar madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968: tushe ɗaya, gidaje da yawa.

Bambancin ya fito fili a watan Afrilun 2014, lokacin da aka gano kuskuren Heartbleed a rumbun OpenSSL mai tsare sirrin bayanai a intanet. Masu haɗin aro sun canza fayil ɗaya, suka sake kunna manhajojinsu, shi ke nan. Masu haɗin dindindin sai da suka sake gina kowace manhaja.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. Idan fayil ɗin ya ɓace, ko sabon da aka sa bai dace ba, duk manhajojin da suka dogara da shi sai su tsaya tare.

Don haka ɗalibi, ranar da ka fara rubuta manhaja, ka tambayi kanka: idan aka sami kuskure a rumbu, wurare nawa zan gyara?