Matsayin Ɗan Haya Idan Mai Gida Ya Sayar da Gidansa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wata matsala da ta daɗe tana damun ma'aikata da malamai masu zaman haya a biranenmu. Mutum ya biya kuɗin shekara, yana zaune da iyalinsa, kwatsam sai dillali ya yi sallama, ya ce an sayar da gidan, a kwashe kaya kafin ƙarshen wata. Tambayarmu ita ce, shin ciniki yana rushe haya? Za mu nemi amsa daga fiƙihun Malikiyya da kuma dokokin Nijeriya.

2.0 Mahangar Malikiyya

A wurin malamanmu, haya sayar da amfani ce, watau ɗan haya ya mallaki zaman gidan har zuwa wa'adi, shi kuwa mai gida yana riƙe da ainihin ginin. To, tun da mutum ba ya sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa, ciniki bai isa ya rushe hayar da aka ƙulla ba. Idan an ɓoye wa mai saye cewa akwai ɗan haya a ciki, yana da zaɓi, ko ya haƙura har wa'adi ya cika, ko ya fasa cinikin.

Amma akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi. Hayar da aka yanka wa wa'adi, alal misali shekara guda, tana lazimtar kowane ɓangare. Wadda kuwa aka ce kowane wata kaza, ba tare da an ambaci ƙarshenta ba, ba ta lazimta sai gwargwadon kuɗin da aka riga aka biya. Haka kuma ɗan haya ba shi da shufu'a, domin a mazhabar Maliku abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba shi kaɗai ke da ita.

3.0 Mahangar Dokokin Nijeriya

Dokar da muka gada daga Ingila ta dace da fiƙihu a kan wannan asali. Mai saye yana maye gurbin tsohon mai gida ne, da hakkokinsa da nauyin da ke kansa. Saboda haka in yana son gidansa, tilas ya bi matakan da tsohon zai bi. Dokar karɓar gida ta Abuja da dokar haya ta Legas ta 2011 sun tanadi cewa, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai hayar wata a ba shi notis na wata guda, mai hayar shekara kuwa wata 6. In ya ƙi tashi, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sa'an nan a kai ƙara. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire rufi, ko sake kwado, ko watsa kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ɗan haya yana iya neman diyya.

Har wa yau, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta yardar gwamna kafin a sayar da hakkin mallakar da ke ƙarƙashin ikonsa. Don haka ɗan haya yana da hujja idan ya nemi tsohon mai gida ya sanar da shi cinikin a rubuce kafin ya soma biyan baƙon mutum.

Inda dokarmu ta gaza shi ne ba ta tilasta a fara yi wa ɗan haya tayi ba. A Faransa, dokar 1989 ta wajabta wa mai son tada ɗan haya don sayarwa ya ba shi wata 6, kuma wannan sanarwa ita ce tayin saye gare shi, in dai gidan ba da kayan ɗaki aka hayar ba.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa shari'o'in biyu sun haɗu a kan cewa ciniki ba ya rushe haya mai wa'adi. Raunin ɗan haya a wurinmu yawanci na rashin shaida ne, domin da baki ake ƙulla hayar, kuɗi kuma hannu da hannu. Muna ba da shawara a riƙa rubuta yarjejeniya da ranar farawa da ta ƙarewa, a adana rasit, majalisun jihohi kuma su duba batun fara yi wa ɗan haya tayi. Allah ya sa mu dace.