Ɗalibai na auna itatuwan gari: ina gurbin ƙungiyoyinmu?

Ƴan uwa mata, damanar 2024 ba ta bar mu da abin mantawa ba. A faɗin Nijar ruwa ya ci rayukan mutane fiye da 300, ya taɓa fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. A asusai da dama, kuɗin da aka tara don jari ko bukin ɗiya, gyaran katanga da rufin ɗaki ne suka lamushe shi.

Shi ya sa aikin da ɗaliban ilimin muhalli ke yi a cikin garuruwa ya shafe mu kai tsaye. Ƙila kin taɓa ganinsu: samari da ƴan mata riƙe da littafi da igiyar awo, suna zagaye gindin bedi. Daga jami'o'inmu suke, irin su Abdu Mumuni ta Yamai da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Kafin ɗalibi ya samu takardar kammalawa sai ya yi bincike a fili, kuma sau da yawa a ma'aikatar magajin gari ko wurin ma'aikatan gandun daji yake yin zaman koyon aiki.

Me suke aunawa?

Suna ƙidaya itatuwa titi-titi, su rubuta irin kowane, su auna kaurinsa a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, su saka wurin da yake a taswira. Suna iya kafa gwangwani marar gindi a ƙasa, su zuba ruwa, su duba minti nawa zai yi kafin ya tsotse. Suna gwada zafin inuwa da na kan kwalta. Da wannan ake gane inda ruwa ke kwanciya, da inda yake gudu har ya yanka kwazazzabo.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Da gari ya cika da kwano da siminti, ruwan sama ba ya samun wurin shiga ƙasa, sai ya bi titi ya faɗa gidajen da ke gangare. Magudanar siminti na da tsada, ga shi yashi da leda na toshe ta. Itace da ciyawa da filin da aka bari a buɗe suna rage wa ruwa gudu, saiwa ta riƙe ƙasa. Ramukan rabin wata da jerin duwatsu da muka sani a gona, su ma suna aiki a saman gari, can inda ƙorama ke farawa.

Darasi biyu daga gida

A 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da Yamai, mai faɗin kusan hekta 2,500, don ya tare iska da ƙura. Yau kaso mai yawa na wannan daji ya zama filaye da gidaje da juji. Dashe ya yi kyau, amma mutanen da ke maƙwabtaka da shi ba su ɗauke shi nasu ba.

A karkarar Maraɗi kuma, tun daga 1983, manoma suka kama sassaben zamani: a bar tohon kututture, a rage masa rassa, a kula da shi. Ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin ƙasar ta wannan hanya. Bambancin? Mai gona ya san gawon nasa ne, shi zai ci moriyarsa.

Binciken da aka yi kan itatuwan Yamai da Maraɗi ya nuna bedi ne ya fi ko wane iri yawa. Bedi na da juriya, inuwarsa ba ta da na biyu, amma gari mai iri ɗaya, in cuta ta shigo, gaba ɗaya za ta kwashe. A nan ne bakin mata ke da amfani. Wa ya fi mu sanin darajar zogale, kuka, tsamiya, aduwa da magarya a tukunya da kasuwa?

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ɗalibi zai yi wata uku ko shida ya tafi. Magajin gari zai sa hannu a takarda. A ranar 3 ga Agusta, ranar bukin itace, manya za su dasa a ɗauki hoto. To a watan Afrilu, da rana ta take, wa zai ba dashen ruwa? Wa zai kore awaki?

Don haka idan ɗalibai suka shigo unguwarku, kar a tsaya leƙe ta bakin ƙofa. Uwar ƙungiya ta gayyace su ranar zubi. Ku nuna musu inda ruwa ya tsaya bara, da gidan da ya fara faɗuwa, da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta babu inuwa. Ku faɗi irin itacen da kuke so, ku tabbatar an rubuta. Ku roƙi su dawo su bayyana muku sakamakon da Hausa, su bar muku kwafin taswirar.

Da wannan taswira za ku je ma'aikatar magajin gari. Ku nemi a ba ƙungiya aikin renon dashe da ban ruwa, amma da yarjejeniya a rubuce: itace nawa, wata nawa, jikka nawa, wa zai kawo ruwa da waya ta shinge, kuma wa ke da ganye da ƴaƴan in sun girma. Kar a taɓa kuɗin akwati a sayi leda da iri kafin a ga sa hannu. Aikin sa kai na yini ɗaya daban, wahalar rani guda daban.

A Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da ɗan zubi na mako-mako, har tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Mun san yadda ake riƙon ƙaramin abu har ya girma. A zamanku na gaba, ku sa maganar ruwan unguwa a cikin abin tattaunawa, tun hadari bai haɗu ba.