Tunkiya Dolly da Iyakar Binciken Likitanci

A shekarar 1996 ne masana a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotlan suka samar da wata tunkiya mai suna Dolly ba tare da barbarar rago ba. Yadda aka yi shi ne, an ɗebo ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya, aka haɗa ta da ƙwan wata tunkiyar wanda aka cire masa sinadarin gado, sa'an nan aka dasa shi a mahaifar ta uku. 'Yar da aka haifa kwafin ta farkon ce.

Abin lura a nan shi ne, ƙwai 277 aka haɗa kafin a sami wannan ɗaya tak. To, da a ce da 'yan Adam aka yi, wa zai ɗauki alhakin sauran 276? Tun 1947 Ƙa'idojin Nuremberg suka shimfiɗa cewa ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa. Shi kuwa jaririn da ba a haifa ba, ta yaya za a nemi tasa yardar? A 1997 hukumar UNESCO ta bayyana cewa kwafar ɗan Adam ta saɓa wa martabarsa. Iya yin abu daban, halaccin yinsa daban.