Sassaƙen Kasuwar Anacha Da Ɓerayen Gwaji

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Anacha, a bakin Kogin Kwara, zai tarar da 'yan Arewa masu maganin gargajiya sun baza sassaƙe da saiwoyi, Ibo da Hausawa suna saye. Hujjar mai magani ba ta wuce cewa kaka da kakanni sun sha sun kwana lafiya ba. Masana ilmin magunguna kuwa sai sun gwada a jikin ɓera tukuna.

Hanyar da aka fi bi a jami'o'in ƙasar nan ita ce wadda wani Bajamushe mai suna Lorke ya bayyana a 1983. Akan tace ruwan itacen, a kasa ɓeraye tara kashi uku, a ɗura musu miligiram 10 da 100 da 1,000 bisa kowane kilo na nauyinsu, a zuba ido kwana guda. In babu wanda ya mutu sai a ƙara, har zuwa 5,000.

To amma fa wannan gwaji dafin gaggawa kaɗai yake nunawa. Mai cin hanta da ƙoda sannu a hankali ba ya bayyana sai an yi kwana 28 ko 90 ana ba dabbar, sa'an nan a auna jininta, a duba kayan cikinta. A 1982 irin wannan dogon gwaji a Jamus ya nuna sinadarin da ke cikin dangin duman dutse yana sa wa ɓeraye ciwon daji. Duk da haka, wajen 1992 mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda, bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani ɗan'uwan wannan tsiro daga ƙasar Sin. Ɓera ya riga ya ba da shaida, ba a saurare shi ba ne.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ɗakin bincike a Agulu, cikin Jihar Anambara, kuma ba ta ba maganin gargajiya na kwalba lamba sai an kawo sakamakon gwajin dafi. Lambar ma ba shaidar yana warkarwa ba ce. Sassaƙen da ake ƙullawa a leda a bakin rumfa kuwa, ba shi da lamba, ba shi da ma'auni, sai dai mai magani ya ce a jiƙa a sha safe da yamma.