Narkakken Gishiri: Rumbun Ajiye Zafin Rana

Babbar matsalar masu zuba jari a harkar wutar lantarki ta hasken rana ita ce faɗuwar rana, domin a lokacin ne buƙata ke ƙaruwa, samarwa kuma ke tsayawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka samo na magance wannan shi ne narkakken gishiri.

Ba gishirin miya ake nufi ba, wanda sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa. Ana haɗa kashi 60 cikin 100 na sodiyam naitret da kashi 40 na fotasiyam naitret. Dubban madubai ke tara hasken rana su zafafa haɗin har digiri 565, a ajiye shi cikin tanki, da dare ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin.

Tashar Andasol ta ƙasar Sifen, wadda ta fara aiki a 2008, tana ba da megawat 50 na tsawon awa bakwai da rabi daga ajiyarta. Tashar Noor III ta Maroko, mai megawat 150, ta biyo baya a 2018.

Sai dai ribar wannan ciniki ta rataya ne a kan yadda ƙwayoyin zarra ke tsayawa cikin gishirin. A daskare, suna jere sahu-sahu. Idan ya narke sahun yakan watse, amma kowace ƙwaya mai caji tana ci gaba da kewaye kanta da masu kishiyar cajinta, a wasu gishiran har su ƙulla sarƙa. Wannan tsari yana da hannu a kaurin ruwan, da yadda yake ɗaukar zafi, da yadda yake cin ƙarfe.

A 2024 masana a cibiyar Oak Ridge ta Amurka suka auna narkakken yuraniyam kulorayid da ƙwayoyin niyutiron, suka gano cewa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyinsa raguwa take yi, saɓanin yadda aka saba gani idan abu ya yi zafi. Wannan sani na da amfani ga masu ƙera tashoshin nukiliya na gishiri.

Tsare wannan ruwa mai zafi ba ƙaramin aiki ba ne. A shekarar 2024 tankin gishirin Noor III ya yi yoyo, tashar ta tsaya, kamfanin ACWA Power kuma ya ƙiyasta asarar dala miliyan 47.

Saboda haka, duk mai niyyar zuba jari a wannan fanni, wajibi ne ya binciki ingancin tanki da irin gishirin kafin ya dubi yawan madubai.